Wa ke yanke wa kwamfuta hukuncin tsufa?

A gidaje da ofisoshi da shagunan buga takardu, akwai tsofaffin kwamfutocin tebur da suka shekara takwas ko goma suna aiki. Sun fara nawa, sai an jira kafin su buɗe shafi. Mai ita yakan tsaya tsakanin shawara biyu: ya sauya mata furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, ko ya jingine ta a lungu ya nemi sabuwa. Muna ɗaukar wannan maganar kuɗi ce kawai. Amma akwai tambayar da ta fi ta nauyi: yaushe ne abu ke tsufa, kuma wa ke da ikon faɗin haka?

Sauya furosesa ba wani aiki ne mai tsawo ba. A kwance fanka, a ɗaga ɗan ƙarfen da ke danne da ita, a cire tsohuwa, a dasa sabuwa, a shafa man da ke kai zafi ga fanka, a mayar. Wahalar tana ga gurbin da take zama a kan babban allon kwamfutar. Kowace furosesa da irin gurbinta, kuma kamfani ne ke tsara shi.

A nan ne labarin ya zama abin tunani. A 2015 kamfanin Intel ya fito da gurbi mai ƙananan allurai 1151 don furosesoshinsa na zubi na shida, na bakwai ma suka zauna a kai. A 2017 zubi na takwas ya fito da allurai 1151 ɗin dai, amma kamfanin ya ce sai an sayi sabon allo. Ya kawo hujjar cewa sababbin suna buƙatar wani tsarin rabon wuta. Duk da haka, wasu masu sha'awar gyara sun taɓa manhajar BIOS ta wasu tsofaffin alluna, sabuwar furosesar ta tashi a kansu. AMD kuwa ya fito da gurbin AM4 a 2016. A 2020 ya sanar cewa Ryzen 5000 ba za ta yi aiki a kan wasu tsofaffin alluna ba, masu saye suka yi ca, ya janye maganar. Zuwa 2022 har allunan farko sun samu damar ɗaukarta. Ƙarfen bai sauya ba. Ra'ayin kamfani ne ya sauya.

Haka Microsoft ya yi ta fuskar manhaja. Windows 11, da ta fito a 2021, ta ƙi karɓar galibin furosesoshin Intel da suka girmi zubi na takwas, kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025 aka rufe tallafin kyauta na Windows 10. Kwamfutar da ke aiki lafiya ranar Litinin ta wayi gari Talata ana kiranta tsohuwa, alhali ko ƙusa ɗaya ba ta kwance a jikinta ba.

Ashe tsufa iri biyu ne. Akwai na gajiya, wanda muke gani a takalmi da ƙotar fartanya. Akwai kuma na sanarwa, wanda ake rubutawa a ofis a Amurka ya iso mana ta intanet. Na farko ba mai ja da shi. Na biyu kuwa hukuncin ɗan Adam ne, don haka ana iya tambayarsa dalili.

Mu yi wa kamfanonin adalci. Ba duk hujjarsu ce ta neman riba ba. Sababbin furosesoshi suna yin aiki mai yawa da wuta kaɗan, kuma wanda ke kunna janareta ko ya dogara da sola ya san darajar hakan. Maganar tsaro ma gaskiya ce: kwamfutar da ba a toshe ɓarakar manhajarta tana iya jawo wa mai ita sata. Sau da yawa kuma furosesa ba ita ce mai laifin nawar ba. Ƙara RAM ko sanya SSD a madadin tsohuwar ma'ajiya mai juyawa ya fi farfaɗo da ita. Wanda ya zuba kuɗi a kan allon da ya riga ya kai iyakarsa, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Riƙon tsohon abu don kawai mun saba da shi ba nagarta ba ce.

Sai dai yarwa ma ba kyauta ba ce, wani ne ke biya. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mu ba baƙin wannan labari ba ne. Kwamfutocin da ofisoshin Turai suka sallama su ne muke saye a matsayin tokumbo daga Computer Village a Ikeja zuwa shagunan Kano. Waɗanda suka mutu kuwa, an daɗe ana ƙona wayoyinsu don ciro tagulla a wurare irin Agbogbloshie a Accra, samari suna shaƙar hayaƙin. Duk kwamfutar da aka tsawaita wa rai da shekara uku, an jinkirta isarta can da shekara uku.

To, mene ne haƙƙin abu a kanmu? Ƙarfe ba ya jin zafi, amma a cikinsa akwai gumin wanda ya haƙo ma'adini da wanda ya harhaɗa shi, akwai kuma lafiyar wanda zai ƙona shi. Saboda su ne ya kamata mu tambayi kanmu kafin mu yar: aikin da muke so ta yi ne ta gaza, ko kuwa an dai gaya mana ta gaza? Mai shagon buga takardun makaranta ba ya buƙatar abin da mai tace fim ke buƙata. Idan ƙaramin gyara zai ishe mu, da tsohuwar zuma ake magani. Idan kuma ta gaza da gaske, mu miƙa ta ga ɗalibi ko mai gyaran da zai amfana da sassanta. Hukuncin tsufa dai kada mu bari a yanke mana shi ba tare da mun ji hujja ba.