Wa Ya Kamata Ya Ɗauki Bashin Unguwa?

Duk wanda ya bi layin shagunan Sabo a 'yan watannin nan ya ga abin da muke gani. Kantar da a da take shaƙe da katan-katan na madara da taliya yanzu rabinta wayam, an jera gwangwanaye a gaba-gaba don kada a hango ramin da ke baya. Wasu shagunan kuma an ja ƙofa an sa kwaɗo, mai shi ya koma acaɓa ko ya ce zai je gida ya yi noma. Waɗanda suka rage, da yawansu sun manna takarda a bakin ƙofa: ba bashi. A majalisa kuwa hukunci ya riga ya fita. Wai wane ya canza, wai ya fara ganin kuɗi, wai mutumin da ya san ubanka ya hana ka kongo ɗaya na shinkafa.

To, mu zauna mu duba maganar nan da kyau. Mai shagon da ya rufe littafin bashi a wannan lokaci, rashin tausayi ya yi? Idan kuma ba shi ne zai ciyar da wanda ba shi da shi ba, wa zai yi?

Kowa ya san inda abin ya samo asali. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura 1,000 a wurare da yawa. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. A ƙarshen shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a lissafin gwamnati kanta. Mu kuma kusan duk abin da muke sayarwa a Bodija da Shasha da kara ta Akinyele a bayan mota yake zuwa daga Arewa, albasa ce, wake ne, tumatir ne ko shanu, don haka duk ƙarin da aka yi wa gas sai ya sauka a kanmu sau biyu.

Amma akwai wani lissafi da mai saye ba ya yi, kuma shi ne ke karya shago a ɓoye. A ce mai shago ya sari buhu a kan naira 60,000, ya auna ya sayar ya tashi da 66,000. A idonsa ya ci ribar 6,000. Ya koma wurin sari sai ya tarar buhun ya zama 70,000. Ina ribar? Kuɗin hannunsa ya ƙaru, kayan shagonsa sun ragu. Yanzu a ce rabin buhun nan bashi ya bayar, aka biya shi bayan wata uku, in ma an biya. Kuɗin da aka dawo masa da su ba za su sayi abin da aka ɗauka ba. Ke nan ko mai bashin kirki, wanda bai ci ko kwabo ba, ya tafi da wani yanki na uwar kuɗin ba tare da ya sani ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, idan jarin ya zaizaye babu abin da za a saro da shi.

Masu cewa a ci gaba da ba da bashi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Mu baƙi ne a garin nan ko da a nan aka haifi kakanninmu. Ba mu da gona a bayan gida, ba mu da rumbu. Matar da mijinta ya tafi da mota kwana goma, ko dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, shagon layi shi ne rumbunsu. Kuma addini ya ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, yafewa ma ta fi. Wannan ba abin musu ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya hana yau bai san ranar da zai nema ba.

Sai dai mu kan karanta wannan mu tsaya. A cikin Suratul Baƙara ɗin nan dai, ayoyi biyu kacal a gaba, akwai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, kuma maganarta a rubuta bashi ne, a sa masa lokaci, a kafa shaidu, babba ne ko ƙarami. Mu fa a wurinmu wanda ya ɗauko biro an ce bai yarda da mutum ba. “Haba Alhaji, har sai ka rubuta?” Sai kunya ta kama mai shago ya ajiye biron. Bayan wata biyu shi yana cewa dubu takwas ne, wancan yana rantsuwa dubu biyar ne, an rasa kuɗin an rasa gaisuwar.

Wani abin mamakin shi ne unguwar nan da bashi aka gina ta. Tun da aka kafa Sabo a 1916, cinikin shanu da goro a kan amana yake tafiya. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a nan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda abin yake. Falke ya kawo shanu ya sauka a gidan maigidansa, dillali ya sayar wa mahautan Yarabawa bashi na 'yan makonni. Amma ba sakaka ake yi ba. Dillali ya san kowane mahauci, ya san iya nauyin da zai iya ɗauka, akwai malamin da ke rubutawa, kuma idan kuɗi suka maƙale maigida ne ke tsayawa, domin sunansa shi ne jarinsa. Wato hasarar tana sauka a kan wanda yake da kafaɗar ɗaukarta. Yau mun riƙe ba da bashin, mun yar da rubutun, mun yar da mai tsayawar.

A nan muke ganin kuskuren hukuncin majalisa. Mun ɗauki nauyin mabuƙatan unguwa gaba ɗaya mun ɗora wa mutumin da shi ma bai fi su da komai ba sai firji ɗaya da kanta uku. Mai shayi, mai tireda, mai kayan miya a bakin masallaci, su muka mayar baitulmali. Idan suka ɗauka suka karye, mu ce Allah ya kiyaye gaba, mu koma shagon gaba da shi. Idan suka ƙi, mu ce ba su da kara. Tausayin da ake yi da aljihun wani ai ba shi da wuya.

Kuma a lura da wanda ya fi cika littafin. Ku tambayi duk mai shagon da kuka yarda da shi. Gwauruwar da ta ɗauki gari na ɗari biyar ita ce take zuwa da safe ta biya tana ba da haƙuri. Babban bashin yana wurin mai babbar riga, wanda ake jin nauyin a tambaye shi, wanda zai aiko yaro a ba shi katan ɗin lemo saboda baƙi, sannan ya wuce ta gaban shagon a mota ya ɗaga hannu. Hadisi ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Sassaucin da aka yi umarni da shi na wanda ba shi da shi ne, wannan ba ya ciki. Da irin waɗannan za su biya a makon nan, wallahi da shaguna da yawa sun cika kantarsu ba tare da rancen kowa ba.

Ga mai bashi na gaskiya kuwa, wanda ya ci don yunwa kuma ba shi da hanyar biya, akwai gurbinsa. Waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba cewa zakka ta halatta gare su. Muna da 'yan canji, muna da dillalan shanu, muna da masu motoci. Me zai hana mai fitar da zakka ya nemi shawarar malamai a kan yadda ake yi, ya je wurin mai tireda, da sanin mai bashin, a biya abin da ke kansa a soke sunansa? Naira ɗaya ta yi aiki biyu ke nan: ta sauke wa talaka nauyi, ta mayar wa shago jarinsa. Ya fi a tara mutane a ƙofar gida ana raba dubu-dubu ana ɗaukar hoto.

Ba mu wanke masu shago tas ba. Akwai wanda ba bashi ne ya karya shi ba, hannunsa ne. Aljihun shago shi ne na cefane, shi ne na gudummawar biki, shi ne na ɗan'uwan da ya bugo waya daga gida. Irin wannan ko babu mai binsa sai ya durƙushe. Ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka a rana ya tsaya a kai, ya riƙa ƙirga kayansa maimakon kuɗinsa. Akwai kuma wanda ya fake da tsada yana ɓoye kaya sai sun yi wuya, wannan daban yake da wanda ya sa farashin da zai iya sake saro kayan da shi, kuma bai kamata mu haɗa su a zagi ɗaya ba. Sannan a guji bashin nan na waya da ake turo wa mutum cikin minti biyar. Ban da ruwan da ke kansa, ranar da aka makara duk lambar da ke wayar sai an aika mata saƙon cin mutunci.

Maƙwabtanmu Yarabawa suna da masu zagayawa kullum suna karɓar ajo, mu ma muna da adashi, amma namu ya fi ƙarewa a kayan ɗaki da hidimar suna. Shaguna biyar a layi ɗaya kowa yana zuwa sari shi kaɗai, kowa yana biyan kuɗin mota shi kaɗai, saboda kada wani ya san ƙarfin jarin wani. Da za su haɗa su sari buhu ashirin a tare, da farashin da kuɗin dakon duk sun sauka.

Akwai kuma waɗanda ko takardar “ba bashi” ba su da inda za su manna ta: matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙosai da awara da ɗan wake da ƙullin omo. Yarinya ta fita da talla ta dawo da rabin kuɗi, ta ce wane ya ce sai gobe. Uwar ba ta ga mai sayen ba, ba za ta fita ta bi shi ba, kuma jarin nata duka bai fi na mudu uku na wake ba. Idan shugabannin unguwa da limamai za su zauna a kan maganar bashi, muna roƙon a aika mata su shiga gida-gida su ji nawa ake bin mazan layi na kuɗin ƙosai, a fara da wannan.