Mage Mai Ƙazuwa da Dardumar Salla

Tambaya: Malam, magenmu ta kamu da ƙazuwa, gashi na zuba, tana susa har jini, kuma tana kwanciya a dardumar salla. Maigida ya ce a sa ta a buhu a kai bola. Ina hukuncin sallarmu?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsarkin mage ba ya buƙatar dogon bayani, hadisin Abu Ƙatada a Muwaɗɗa ya wadatar, kuma ciwo ba ya mai da ita najasa. Abin dubawa shi ne abin da ke fita daga gyambon.

Jini da mugunya najasa ne, amma a mazhabar Malik an yi rangwame ga abin da bai kai faɗin dirhami ba, wato da'irar nan ta cikin ƙafar alfadari ta gaba, ko jinin wace dabba ne. Ɗigo-ɗigon susa da wuya ya kai haka. In ya zarce, wurin kaɗai za ki wanke. In kin tabbata gyambon na tsiyaya amma kina shakkar ya taɓa dardumar, yayyafa ruwa ya isa. Gashi kuwa mai tsarki ne a wurinmu, sai wanda ya tuge da tsoka a gindinsa. Shafi'iyya sun tsananta a kansa, su ma sun yafe kaɗan. Ki kakkaɓe ki yi sallarki, kada waswasi ya sa ki ramuwa.

Zancen buhu ne ya fi damuna. Bai halatta ba. Matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda mage, tsare ta ta yi ba ci ba sha har ta mutu. Buhu ɗaurarre a bola me ya raba shi da wannan? Haka masu shafa wa mage baƙin mai ko kananzir, azabtarwa suke yi, domin tana lasar jikinta. Farasitamol yana kashe ta, wasu magungunan ƙuma na kare ma haka.

Ki keɓe ta da abinci da ruwa, wannan jinya ce. Ƙazuwa da makero kan kama mutane, don haka a hana yara ɗaukarta, a wanke hannu da sabulu, a kai ta wurin likitan dabbobi. Ki faɗa wa maigida cikin ladabi. Wallahu a'alam.