Alƙalami a Fagen Fama: Ya Dace Jami'a Ta Koyar da Dabarun Yaƙi?

Masu iya magana kan ce ilimi gishirin zaman duniya. To amma akwai wani fannin ilimi da kan sa mai tunani ya yi jim, wato nazarin dabarun yaƙi da tsaron ƙasa da ƙasa, wanda ake yi wa digiri na biyu da na uku. Tambayar da ke gabanmu ita ce: ɗalibin da ya ɓatar da shekaru yana nazarin yadda ake murƙushe abokan gaba, shin yana da hannu a jinin da za a zubar da iliminsa?

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi. A 1960 Herman Kahn na cibiyar RAND ta Amurka ya wallafa littafi kan yaƙin nukiliya, inda ya jera miliyoyin da za su iya mutuwa cikin jadawali, kamar mai lissafin buhunan gero. Haka kuma a yaƙin Biyetnam, Ma'aikatar Tsaron Amurka ƙarƙashin Robert McNamara ta riƙa auna nasara da yawan gawawwakin abokan gaba. Illar ke nan: idan mutum ya koma lamba a takarda, kashe shi ba ya yi wa zuciya nauyi.

Sai dai kuma mu dubi ɗaya ɓangaren. Likita kan yi nazarin annoba ba don yana ƙaunarta ba. Clausewitz, wanda aka buga littafinsa a 1832 bayan rasuwarsa, ya nuna cewa yaƙi bawan siyasa ne, saboda haka dole a tambayi amfaninsa kafin a zare takobi. Bernard Brodie kuwa, tun a 1946, bayan bam ɗin Hiroshima, ya yi nuni da cewa babban aikin soja ya koma hana yaƙi, ba cin sa ba. Michael Howard, wanda ya kafa Sashen Nazarin Yaƙi a Kwalejin King's ta Landan a 1962, shi kansa ya ɗanɗana ɗacin fama a Italiya. Wanda ya ƙone shi ya san zafin wuta.

A namu ganin, jahiltar yaƙi ba ta taɓa hana shi aukuwa ba. Mu da muka ga Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, muka kuma tura 'ya'yanmu Laberiya a rundunar ECOMOG a 1990, bai kamata mu bar wannan nazari ga masu kaki su kaɗai ba. Al'ummar da farar hularta ba su fahimci harshen janar-janar ba, da me za ta tuhume su?

Amma akwai sharaɗi. Duk ɗalibin da aka koya wa yadda ake yi wa gari ƙawanya, lalle a koya masa Yarjejeniyoyin Janeba na 1949, a kuma sa shi ya karanta labarin waɗanda yunwa ta kashe a cikin ƙawanyar. In ya fita da taswira a hannu, babu fuskar mutum a zuci, to alhakin bai tsaya a kansa ba. Ya hau kanmu, mu malaman da muka sa hannu a kan kundinsa.