MURYAR YAKUBU, HANNUWAN ISUWA



Littafin Farawa sura 27 ya ba mu labarin Ishaku sa'ad da ya tsufa, idanunsa suka dushe. Rifkatu ta rufe hannuwan Yakubu da fatun 'yan awaki domin ya zama kamar wansa Isuwa mai gashi. Ishaku ya ji murya, ya yi shakka, amma da ya shafa hannuwan sai ya yarda, ya sa masa albarka. Da Isuwa ya dawo daga farauta ya yi kuka mai zafi, gama albarkar da ta fita ba ta komawa.

Ƙuri'armu ma haka take. Albarka ce da talaka ke ɗora wa wanda zai mulke shi, in ta faɗa akwati kuwa sai bayan shekaru. A wasiƙarsa Centesimus Annus ta 1991, Paparoma John Paul na Biyu ya koyar cewa Ikilisiya tana daraja dimokuraɗiyya domin tana ba jama'a ikon zaɓen shugabanninsu, da tuhumarsu, da sauke su cikin lumana. Ya kuma yi gargaɗi cewa in aka raba ta da gaskiya, sai ta rikiɗe ta zama mulkin kama-karya.

Ishaku dai kunnensa bai yaudare shi ba. Mu kuwa a zamaninmu har muryar ma ana iya jabunta. Na'urorin da ake kira ƙirƙirarriyar basira suna koyon muryar mutum da kamanninsa daga abin da aka ɗauka a baya, su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. A watan Maris na 2023 wani hoton Paparoma Francis sanye da ƙatuwar farar rigar sanyi ya zaga duniya, ashe na'ura ce ta ƙaga shi. A watan Janairu na 2024, a jihar New Hampshire ta Amurka, an kira dubban mutane a waya da muryar da aka kwaikwaya ta Shugaba Joe Biden, ana ce musu kada su fita zaɓen fidda gwani. Wanda ya zauna a gida saboda wannan kira, an sace masa albarkarsa ke nan.

Ikilisiya ba ta ƙin ilimi, gama hankalin da ya ƙera na'ura baiwar Allah ce. Amma na'ura ba ta da lamiri. Ba ta jin kunya, ba ta tuba, ba za ta tsaya gaban shari'ar Allah ba. Shi ya sa a watan Yuni na 2024, a taron ƙasashen G7 a Italiya, Paparoma Francis ya tunatar da shugabanni cewa dole ne yanke shawara ya zauna a hannun ɗan Adam. Paparoma Leo na 14 kuma, da aka zaɓe shi a watan Mayu na 2025, ya bayyana cewa ya ɗauki wannan suna ne yana tuna Leo na 13, wanda ya kāre ma'aikata a 1891, domin yau ma mutuncin ɗan Adam yana fuskantar sabon gwaji.

To, ina namu hakkin? Doka ta takwas ta hana shaidar zur. Wanda ya tura wa 'yan zumunta ta WhatsApp muryar da bai tabbatar ba, ya ɗauki rabonsa na zunubin wanda ya ƙaga ta. Saƙon da ya tafasa maka zuciya a kan maƙwabcinka, Kirista ne ko Musulmi, shi ne ya fi cancanta ka dakata a kansa. Ka tambayi inda ya fito, ka nemi shaida ta biyu. Matasa, ku da kuka san waya, ku zama idanun iyayenku, kada a yi musu abin da aka yi wa Ishaku. Ranar zaɓe kuwa ka auna ɗan takara da aikin da ka gani a garinku, ka yi addu'a, sa'an nan ka dangwala.

Bari Ruhu Mai Tsarki, Ruhun gaskiya, ya haskaka lamirinmu, ya kiyaye ƙasarmu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.