Ko Gani Ya Kori Ji?

Mu Hausawa mu kan ce gani ya kori ji. In gardama ta yi tsawo a gaban dattawa, wani ya miƙe ya ce, "Ni da idona na gani," sai kowa ya yi shiru, magana ta ƙare. Amma ya kamata mu tsaya mu yi tambaya. Mene ne ido ya ke kai wa mai shi? Dukan abin da ke gabansa ne, ko kuwa abin da ya zaɓa? In kuwa zaɓe ya ke yi, mutumin da ya rantse bisa ga idonsa da zuciya ɗaya, ya kuwa yi kuskure, yana da laifi ko ba shi da shi?

Masana na dā da yawa sun zaci haske daga cikin ido ya ke fitowa ya je ya taɓa abu. Ibn al-Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, ya nuna shiga hasken ya ke yi. Ya kan bi ta baƙin ido, ya faɗa bisa wani tantani da ke shimfiɗe can ƙuryar ido, wanda likitoci ke kira retina. Kaurinsa kamar na takarda biyu ko uku ne, amma yanki ne na ƙwaƙwalwa.

Cikin tantanin nan akwai ƙwayoyin jijiya iri biyu masu karɓar haske. Waɗansu siriri ne kamar tsinke, su wajen miliyan 100, bari mu kira su 'yan dare, gama haske kaɗan ya ishe su, amma ba su san launi ba. Waɗansu kuwa, miliyan 5 ko 6, 'yan rana ne, su ke rarrabe launi da ƙananan abubuwa. To, jijiyar da ke ɗaukar saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, zaren da ke cikinta miliyan 1 ne da 'yan kai. Watau baki ɗari ke magana, manzo ɗaya ke tafiya.

Abin ya yi kama da sarauta. Talakawa su gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai gaba, kowa kuwa yana tacewa. A tsakani akwai waɗansu ƙwayoyi da ke kwance a gicciye, aikinsu su gwada labarin wannan da na maƙwabcinsa. Ba wanda zai ɗaura wa doki sirdi ya tafi fada don ya ce ba abin da ya faru. A 1953 Istifanus Kufla, a Amurka, ya saurari waɗannan manzanni ɗaya ɗaya cikin idon kyanwa. Ya tarar in ɗigon haske ya faɗa daidai wurin da manzo ke tsaro, sai ya aika da saƙo da ƙarfi. In an haskaka wurin duka da kewayensa bai ɗaya, da ƙyar ya ke motsi. Ashe bambanci ido ke nema, inda haske ya yi iyaka da duhu. A 1959 Letbin da abokan aikinsa suka sami waɗansu ƙwayoyi cikin idon kwaɗo waɗanda ba abin da ke tā da su sai ɗan baƙin abu mai motsi. Ƙudan da ya tsaya cik, ga kwaɗo kamar babu shi ne. Kada mu yi wa kwaɗo dariya tukuna.

Mai karatu, ga abin da za ka gwada yanzu. Ka zana gicciye a hagun farar takarda, ka sa baƙin ɗigo a dama, tsakaninsu inci 3. Rufe idon hagu, ka kafa na dama bisa gicciyen, ka jawo takardar a hankali. Da ta rage kamar ƙafa ɗaya da fuskarka, ɗigon zai ɓace. Nan ne jijiyar ke fita daga ido, ba mai karɓar haske ko ɗaya a wurin. Mariyot na Faransa ya bayyana wannan a 1668. Amma lura da kyau, ba rami ka gani ba. Farar takarda ka gani, sumul. An cike maka gurbin da abin da ke kewaye, ba a kuwa gaya maka an cike ba.

Wannan ya tuna mana wata magana da aka taɓa kawowa gaban dattawan ekklesiya. An ɗebi dawa daga rumbun wata gwauruwa. Wani mutum, wanda ba mu taɓa kama shi da ƙarya ba, ya ce ya ga ɓarawon bayan almuru, da shuɗiyar riga, ya kuwa faɗi sunansa. Wanda aka ambata yana da shuɗiyar riga, suna kuma da tsohuwar gardama a kan iyakar gona. A irin duhun nan 'yan rana sun riga sun yi shiru, 'yan dare ne kaɗai ke aiki, su kuwa ba su bambanta shuɗi da kore ko ja. Launin nan ba daga ido ya fito ba.

To, maƙaryaci ne? A ganinmu, a'a. Maƙaryaci ya san gaskiya ya ɓoye, wannan kuwa abin da ya gaskata ya faɗa. Amma ba za mu wanke shi sarai ba. Gurbin da ke cikin ido ba laifin kowa ba ne, ana kuwa cike shi da abin da ke kusa. Gurbin da ke cikin labari, mu ke cike shi da abin da muka daɗe muna ajiyewa a zuciya, ajiyar nan kuwa tamu ce. Da iyakar gona ba ta tsakaninsu, da wataƙila rigar ba ta yi shuɗi ba.

Wani zai ce, ashe kada mu ƙara gaskata ido ke nan? Ba haka ba ne. Da idon nan mu ke tsallake rijiya, mu ke gane 'ya'yanmu cikin kasuwa. Manzo ne amintacce, sai dai a taƙaice ya ke ba da labari. Ido na biyu ma ya kan ga abin da ya faɗa cikin gurbin na fari, shi ya sa sai da muka rufe ɗaya kana ɗigon ya ɓace. Shari'ar Musa kuma ba ta yarda a hukunta mutum da bakin mashaidi ɗaya ba, sai biyu ko uku, ba ta kuwa ware mai gaskiya daga wannan ka'ida ba.

A ranar nan wani tsoho cikin dattawan bai ce wa mashaidin ya yi ƙarya ba. Ya ce masa, "Ɗana, ajiye sunan tukuna. Faɗa mana abin da ya shiga idonka kaɗai." Mutumin ya daɗe yana duban ƙasa, sa'an nan ya ce, "Baba, na ga mutum dogo, da riga mai duhu, yana sauri." Aka sallami wanda aka zarga. Ekklesiya ta tara wa gwauruwar dawa, har yau kuwa ba a san wanda ya ɗebi tata ba.