Shin Lasisi Yana Wanke Haƙƙin Maƙwabci?

Duk mai gini a Kafanchan, shago ne ko masallaci, sai ya nemi yashi da tsakuwa, kuma tifa ce ke kawo su. Amma tifar da ke ciyar da gidan wani, ita ce ke tula wa wani ƙura a tukunya, ta farfasa masa hanya, ta sa uwa fargaba duk sanda yaro ya fita makaranta. In ka yi magana, a ce maka, "Ai muna da takarda." To, takardar ta isa?

Mu fara da doka. Da yawa suna zaton Ƙaramar Hukumar Jama'a ce ke ba da izinin fasa dutse. Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma a ƙarƙashin Dokar Ma'adinai ta 2007 daga Abuja lasisin ke fitowa. Dokar nan kuwa ta wajabta wa mai lasisi ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara aiki. Ashe ko doka ba ta ɗauki takarda kaɗai a matsayin ƙarshen zance ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da duba irin wannan. Ibnur Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen alƙalai kan hayaƙin tanda, warin majema, da injin niƙa na dabbobi mai girgiza bangon maƙwabci. Sana'o'in duka halal ne, amma alƙalai sukan hana cutarwar da ke fitowa daga gare su.

Wani zai ce in an takura wa masu tifa, tsakuwa za ta yi tsada, leburori su rasa abinci. Gaskiya ne. Shi ya sa cutar ake kawarwa, sana'ar ta ci gaba: a rufe lodi da tamfol, a yayyafa wa hanya ruwa da rani, a daina lodin wuce kima, a rage gudu a cikin unguwa, a kauce wa lokacin tashin 'yan makaranta. Kuɗin hakan daga ribar mai mota ya kamata ya fito, don shi ke cin moriyar.

Maƙwabcin nan kuma, Bahaushe ne ko mutumin Bajju, Fantswam ko Kagoro, Musulmi ko Kirista, haƙƙinsa yana nan. Lasisi zai kare ka a gaban hukuma. Ranar hisabi kuwa, da wanda ya shaƙi ƙurar za a tsayar da kai.

Allah ya sa mu ci halal ba tare da haƙƙin kowa ba, amin.