Fastar Fim Saman Buhu Ce, 'Yar Uwa Sa Hannu Ciki



'Yar uwa, kin taɓa tambayar kanki yadda yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba yake duban hoton fim sau ɗaya ya ce, "Umma, wannan na dariya ne"? Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Fasta ce ta gaya masa, don ita ma magana take yi, ba ta dai da murya.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan harkar finafinan Hausa ta yi ta bunƙasa. A zamanin kaset, daga Bata da Ƙofar Wambai ake saro finafinai a kawo Gumel da Maigatari, har su iso mana Sule Tankarkar, a manna fastocinsu a shagunan haya. Kowa ya iya karatunsu. Ganin fuskar marigayi Rabilu Musa Ibro, kin san camama ce. Saurayi da budurwa cikin furanni, soyayya ce da waƙe-waƙe irin na Indiya, salon da ya yi tashe bayan fitowar Sangaya. Rawani da doki da takobi, labarin sarauta ne. Mata biyu sun juya wa juna baya, maigida a tsakiya ya dafe kai, to wannan ai ba sai an faɗa miki ba, kishi ne. Wanda aka fi girmama fuskarsa kuwa, da shi ake son janyo kuɗinki.

Yau kaset ya wuce, amma fasta ba ta mutu ba. Ta koma ɗan hoton nan da kike gani a YouTube kafin ki taɓa, a wayar da ke yawo hannun 'ya'yanki.

Tambayar ita ce, shin fasta ta isa shaida a kan abin da za ki shigar ɗakinki? Ki tuna mai sayarwa ne ya tsara ta. In an je awon gero kasuwar Maigatari ranar Alhamis, mai hankali ba ya tsayawa kan na saman buhu, sai ya tura hannu ƙasa. A hadisin Muslim, Manzon Allah (SAW) ya tura hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi a kan algus. Haka fasta take. Wata za ta nuna miki malami da hijabi, ciki kuwa rawa ce da rashin kunya. Wata kuma fim ɗin ba laifi, amma an ɗora hoton yarinya cikin matsattsun kaya don ya shiga kasuwa. Duka biyun algus ne.

Wani abin da ba mu cika lura da shi ba, fasta tana yin aikinta ko ba a kalli fim ɗin ba. Yarinyar da ta tashi tana ganin kishiyoyi kullum cikin harara, me kike zaton za ta tafi da shi gidan miji? Suratul Isra'i aya ta 36 ta sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne.

Gaskiya ne Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Amma hukuma ba ta kwana ɗakinki, kuma waya ba ta san iyakar jiha ba. Tacewar ƙarshe taki ce. In fasta ta nuna ɓarna a fili, ta hutar da ke, ki bar fim ɗin. In ta nuna alheri, kada ki saki jiki, ki fara kallo ke kaɗai ko ki tambayi wadda kika yarda da tarbiyyarta. Sannan ki zauna da yaran ki tambaye su, "Me wannan hoton yake so mu ji? Wa zai ci riba in mun kalla?" Yaron da ya saba da wannan tambaya, da wuya hoto ya ja shi ta hanci.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya ɗora mana, Ya shirya mana zuri'a, amin.